Ga masu firinta ta leza mai waifai a gida

Salam jama'a, naga wasu na ta korafi firinta taƙi haɗuwa da waifai, nima haka na sha fama da tawa da na siyo a kasuwar Wunti ta Bauchi, kwana biyu ina zargin mai shago ashe laifina ne. Yawancin ƙananan firintocin nan waifai mai zangon 2.4GHz kawai suke kamawa, in rauta ɗinka (na'urar da ke ba da waifai) ko MiFi na kan 5GHz wallahi ko ka kwana kana dannawa ba za ta gani ba, shiga setin rautar ka kunna 2.4 ɗin tukuna. In akwai maɓallin WPS (na haɗa na'ura da waifai kai tsaye) ka danna na rauta sannan na firinta cikin minti 2, su da kansu za su gaisa ba sai ka sa fasuwod ba. Kuma waya ko kwamfutar dole su kasance kan waifai ɗaya da ita.

Kafin komai ma ka zare leda da tef ɗin jikin tona (kwalin hodar da take bugu da ita), mutane na mantawa.

Sai maganar wuta, leza tana ɗumama wani ƙarfe a ciki don hodar ta manne a takarda, lokacin nan tana jan wuta sosai, ni dai da na jona ta a ƙaramin janareto sai da kwan ɗaki ya dushe. Kar ku sa ta a ƙaramar inbata. Takarda kuma a ajiye cikin ledarta da damina, in ta sha sanyi maƙalewa take, da hunturu a rufe firintar da ƙyalle saboda ƙurar Bauchin nan.