Tsohuwar safa tana maganin santsin duwatsun magangarar ruwa

Idan za ku ziyarci ƙaramar magangarar ruwa a cikin kurmi, ku jefa tsohuwar safa mai kauri a jaka, ba sai kun sayi takalmi na musamman ba. Da kun iso wurin duwatsun da ruwa ke fantsama a kansu, sai ku sanya safar a kan takalmanku.

Dalili kuwa shi ne, duwatsun da ba sa rabuwa da laima da inuwa suna yin gansakuka mai yauƙi, tafin roba kuma zamewa yake yi a kanta, alhali zaren safa yana ratsa yauƙin ya kama kaushin dutsen. Shi ya sa wasu masunta suke sa takalmi mai tafin ulu idan za su shiga rafi. A ganina safar ulu ta fi, amma ta auduga ma ta wadatar. Ku ɗauki wadda ba ku jin asararta, domin da wuya ta dawo gida ba huji.

Dabarar ba ta aiki a cikin taɓo ko a gangare mai busasshen ganye, saboda safar tana rufe zanen tafin takalmin, don haka ku cire ta kafin ku koma kan hanya. Idan kuma ruwan ya fara gurɓacewa ko ƙararsa ta ƙaru, alama ce an yi ruwan sama a can tudu, sai ku bar bakin rafin nan take.