Yadda Ake Sayen Hatsin Shekara a Kaka a Adana Shi

Duk magidancin da ke rayuwa da awon kullum ya san watannin da suka fi ciwo: Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya yi ƙaranci, sabo kuma bai nuna ba. Masarar da kake saya da tsada a tsakiyar damina, ita ce dai manomi ya kai kasuwa a kaka yana neman mai saye ido rufe, don ya biya bashin taki ko ya aurar da ɗiya. Tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu kuɗi ne mai kauri, kuma ɗan albashi ma zai iya cin moriyarta in ya bi a hankali. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: san cin gidanka

Kafin ka taɓa aljihu, zauna da uwargida ku yi wata guda kuna rubuta abin da ake ɗiba. Ita ta san gaskiyar lamarin, kai hasashe kawai kake yi. A ce gidanku na cin kwanon masara ɗaya duk kwana biyu, wato kwano 15 a wata. Daga Disamba zuwa Satumba, wata goma ke nan, kwano 150. Babban buhu a kasuwannin Kano yakan ɗauki kwano 40, don haka buhu huɗu ya ishe ku har da na baƙi. Haka za ka lissafa gero na kunu da fura, da wake, da dawa. Kada ka manta azumi, domin cin gero yana ninkawa a watan.

Mataki na biyu: shirya kuɗin tun da wuri

Nan ne yawancinmu ke faɗuwa, kaka ta zo aljihu babu komai. In kana adashi, roƙi uwar adashi ta sa ɗaukarka ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba. In ba ka yi, ware wani abu daga albashi tun farkon shekara, ka sa shi a inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi. In kuɗin buhu bai samu ba, ku haɗa karo-karo da maƙwabta biyu ko uku, a sayi buhu a raba da kwano, kuɗin mota ma a raba. Bashi mai ruwa don sayen hatsi kuwa ban ba da shawara ba, ko da an ajiye maganar haramcinsa: ruwan zai cinye rarar da kake nema tun kafin damina ta sauka.

Mataki na uku: lokaci da kasuwa

Hatsi ba ya shigowa rana ɗaya. Gero ne ke fara nuna wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, masara ta biyo baya, sai wake da shinkafa, dawa kuma sai hunturu ya kama, wajen Nuwamba zuwa Disamba. Kada ka yi rawar ƙafa a makon farko. Sabon hatsi yana ɗauke da ruwa, nauyin ruwa za ka biya wa kuɗi. Bari iskar hunturu ta ɗan buge shi tukuna.

Dawanau a Kano tana da komai, amma in kana kusa da inda ake noma abin, kasuwar ƙauye ta fi sauƙi: masara a yankin Saminaka ko Giwa ko Dandume, gero a Jigawa da Yobe. Sai dai ka haɗa lissafi duka, kuɗin mota, da dako, da la'adar dillali. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, sau da yawa arahar kasuwa mai nisa a hanya take ƙarewa. Buhu biyu bai kai ka yi tafiyar kilomita ɗari ba.

Mataki na huɗu: duba kayan da hannunka

Kada ka yarda da saman buhu. Masu algus suna zuba mai kyau a baki, tsakiya kuma tsakuwa ce da ƙaiƙayi da tsohon hatsi. Sa a zazzage a kan tabarma a auna a gabanka, ko da mai kayan zai ce "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" Ka yi dariya ka ce a auna dai.

Sai gwajin bushewa, wanda ya fi komai muhimmanci. Ɗauki ƙwayar masara ka ciza. Busasshiya tana fashewa ƙas, mai danshi kuwa haƙori ne ke nutsewa a cikinta. In kana son tabbaci, samu busasshiyar kwalba, zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, rufe, girgiza, ka bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran ruwa, sai an ƙara shanyawa kwana biyu ko uku.

Ni da kaina na taɓa shan wannan kashin. Wata shekara na sayi masara buhu uku da araha har ina yi wa abokai alfahari, na jingina su da bangon ɗaki a kan siminti. Da muka buɗe na ƙarshe bayan watanni, gefen da ke jikin bango ya dunƙule ya yi baƙi, wari kamar tsohuwar rijiya. Ko kaji ban ba su ba. Funfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Mataki na biyar: adanawa

Wake ne sarkin matsala, domin sau da yawa ƙwaron yana shigowa da shi tun daga gona. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma saboda wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Kafin ka zuba, hura iska a kowace leda ka matse ka ji ko tana zuba. Zuba waken, matse iskar da ta rage, murɗe bakin leda ta ciki ka ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki za su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. In ledar ba ta huje ba, za ka sake amfani da shi baɗi. Tsabtatacciyar jarka mai murfi ma tana wannan aikin, muddin an cika ta har wuya, kuma ba wadda aka taɓa zuba fetur ko kalanzir ba ce.

Abin da ba zan taɓa yi ba shi ne yayyafa wa abincin yarana maganin ƙwari irin su Sniper. Saboda sinadarin da ke cikinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhu kuma hayaƙi mai kisa take fitarwa, bai kamata ta kusanci ɗakin da ake kwana ba.

Ɗora buhunan a kan katako, ka bar tazarar hannu tsakaninsu da bango. Ɓera kaɗai ya isa ya huda leda ya ɓata maka aikin, don haka toshe ramuka, ka ajiye kyanwa in da hali.

Mataki na shida: ɗiba da awo

Buhu a ɗaka yana ruɗin ido. Ana ganinsa cike sai hannu ya saki, a zuba wa wannan, a aika wa wancan, kafin Afrilu an koma wurin mai shago. Ba rowa nake koya maka ba. Ware kason kyauta da sadaka tun ranar farko, a san nasa buhun daban. Na ci kuma a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a ɗebi na wata guda a kai niƙa lokaci ɗaya. Buhun PICS ba ya son yawan buɗewa, shi ya sa ya fi kyau ka raba wake a ƙananan jarkoki.

Gargaɗi ɗaya: wannan lissafin na ci ne, ba na kasuwanci ba. Ba kowace shekara farashi ke tashi ba. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashin masara da shinkafa ya sauka a 2025, waɗanda suka tara ɗaruruwan buhuna suna jiran tsada suka tafka asara. Mai buhu huɗu na tuwon gidansa kuwa abin da ya rasa kaɗan ne, abincinsa na nan a ɗaka.

In hatsi ya samu wuri, sauran kayan miya ma haka ake yi musu, sai dai lokacinsu daban. Tumatir da attaruhu da tattasai suna araha ne a rani, wajen Janairu zuwa Maris, lokacin da kayan noman rani na Kadawa da Kura suka cika kasuwa. Sayi kwando, a yanka, a shanya a kan tsabtatacciyar tabarma nesa da ƙura, a yi kauɗa a zuba a bokiti mai murfi, ya kai ku har cikin damina.