Yadda za ka auna littafi na biyu na labarin yaƙin taurari kafin ka yi sharhinsa

Yawancin ƙagaggun labaran kimiyya da ke shigowa hannun masu karatu a Garwa, Marwa da Njamena da Faransanci suke, don haka fara da duba shafin farko. Masu buga littattafai a Faransa kan raba babban littafi gida biyu, sai ka ga an rubuta "tome 2", wato littafi na biyu, alhali rabin na ɗaya ne. Idan haka ne, kada ka zarge shi da rashin mafari.

In ka tabbatar ci gaba ne na gaske, koma na ɗaya da biro a hannu. Rubuta dokokin da marubucin ya kafa wa kansa: gudun kumbo, kwanakin da saƙo ke ɗauka, abin da makami zai iya da wanda ba zai iya ba, da waɗanda suka mutu. Shafi guda ya isa. Babbar cutar littafi na biyu ita ce marubuci ya ga dokarsa ta matse shi, ya karya ta a ɓoye, kuma da wannan shafin za ka kama shi.

Nisa ne ya kamata ya ci maka lokaci. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sai ya yi fiye da minti 8 kafin ya iso mana daga rana. Saƙon rediyo zuwa Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, tafiyar haske ce ta shekara 4 da kusan wata 3. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana yin kusan kilomita 17 a daƙiƙa, kuma da can ya nufa, da sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Ke nan kwamandan da ke gida ba shi da ikon juya dakarunsa a fagen fama. Yaƙin ya koma irin na da, lokacin da sarki ke tura manzo a kan doki, kafin ya isa an riga an ci garin. Marubuci yana da damar ƙirƙiro gajeriyar hanya tsakanin taurari, ba laifi ba ne. Laifin shi ne saƙon da ya yi wata shida a na ɗaya ya iso cikin dare guda a na biyu ba tare da bayani ba.

Sai ka lissafa shekarun mutane. Bisa ka'idar da Einstein ya fitar a 1905, agogon mai gudu kusa da haske yana tafiya a hankali: a kashi 87 cikin 100 na gudun haske, shekararsa ɗaya biyu ce a gida, a kashi 99 kuwa kusan bakwai ce. Sojan da ya bar 'yarsa tana da shekara 3, ya yi shekara biyu a wannan gudu na ƙarshe, zai tarar da budurwa 'yar 17. A ganinmu nan zuciyar irin wannan labari take, kuma littafin da ya tsallake wannan ciwo ya yi asarar abu mafi tsada da yake da shi.

Duba birki ma. Babu iska a can da za ta tsayar da kumbo, dole ya juya injinsa ya hura wuta gaba, kuma tsayawar na cin mai kamar tashin. Ƙarar fashewa kuwa ba a jin ta a sararin samaniya, amma in marubucin ya sa an ji ta, ƙaramin kuskure ne, layi ɗaya ya ishe shi a sharhinka.

Kada yawan jirage ya ruɗe ka. Marubuta da yawa suna ninka runduna sau ɗari a na biyu don a ji girma. Tambayi kanka sunan mutum guda da mutuwarsa ta taɓa ka. In babu, faɗi haka ƙarara.

Wajen rubutawa, tuna a waya za a karanta, kalmomi 250 zuwa 300 sun wadatar. Kada ka ba da labarin abin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na littafin, kuma ka yi gargaɗi tun a layin farko cewa za ka taɓo ƙarshen na ɗaya. Kawo misali guda da lambar babi, ka ambaci ko fassara ka karanta, sannan ka gaya wa mai shirin kashe sefarsa ko zai gane na biyun ba tare da ya karanta na ɗaya ba.