Yadda Ake Zaɓar Hanyar Tantancewa a OSPF da BGP

OSPF da BGP ƙa'idoji ne da rautoci, wato na'urorin da ke tura bayanai tsakanin cibiyoyin sadarwar kwamfuta, ke amfani da su wajen sanar da juna hanyoyin da bayanai za su bi. Muddin ba a kunna tantancewa a OSPF ba, duk rautar da aka jona a kan layi tana iya shiga a matsayin maƙwabciya, wato rautar da ake musayar hanyoyi da ita, ta cusa hanyoyin ƙarya, ta karkatar da bayanai zuwa inda ba a nufa ba.

A siga ta 2 ta OSPF, ku guji nau'in tantancewa na 1, domin kalmar sirrinsa ba ta wuce haruffa 8, kuma a fili take tafiya, har wanda ya buɗe Wireshark, manhajar duba bayanan da ke wucewa a kan layi, zai karanta ta. Ku zaɓi nau'i na 2, inda ba a aika makullin, sai dai a haɗa shi da saƙon a fitar da hatimin da maƙwabciya za ta sake lissafawa. MD5, hanyar farko ta lissafa wannan hatimi a OSPF, ya tsufa, saboda haka idan na'urorinku suna karɓar HMAC-SHA-256, tsarin lissafa hatimi da ya fi MD5 ƙarfi, wanda takardar ƙa'ida ta RFC 5709 ta kawo wa OSPF a 2009, shi ya fi dacewa. Wajibi ne makulli da lambarsa su zama ɗaya a ɓangarorin biyu, in ba haka ba maƙwabtakar ta yanke. Idan kun sanya wa makullai wa'adi, ku daidaita agogo da NTP, ƙa'idar daidaita lokaci tsakanin na'urori, kuma sabon makulli ya fara aiki kafin tsohon ya ƙare.

BGP kuwa a kan TCP yake tafiya, wato ƙa'idar da ke kafa haɗi tsakanin na'urori biyu, don haka ku fifita TCP-AO na 2010, tsarin tantancewa na TCP, wanda ke ba da damar sauya makulli ba tare da katse haɗi ba, kodayake kamfanoni da yawa har yanzu MD5 kaɗai suke karɓa.