Yadda ake ziyartar tsoffin gidajen iyayengiji da ɗakunan bayi a Amurka

A kudancin Amurka akwai tsoffin gidaje da aka mayar gidajen tarihi, kuma da yawa daga cikinsu suna da fuska biyu: babban gidan da mai dukiya ya zauna, da ɗakunan bayin da suka gina shi, suka yi masa hidima. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su ƙarar da ƙarfinsu wurin kallon kujeru da fitilun falo, sai rana ta take su leƙa ɗakunan bayi a gurguje. Juya tsarin. Idan an bar maka zaɓi, fara da ɗakunan bayi, ka ba su aƙalla rabin lokacinka.

Tun daga gida ka duba yadda wurin yake gabatar da kansa. Gandun Whitney da ke Luwiziyana, wanda aka buɗe wa jama'a a 2014, kacokan labarin bayi yake bayarwa. Gidan Owens-Thomas da ke Savannah a jihar Jojiya, ginin 1819, ya saka ɗakunan bayi cikin sunansa a 2018. Wasu wuraren kuwa har yau tallan lambu da wurin biki suka sa a gaba. Sayi tikiti ta intanet, domin ana shiga manyan gidajen rukuni-rukuni ne a ƙayyadadden lokaci, wanda ya makara ya rasa gurbinsa. Ka kuma tabbatar tikitin ya haɗa da zagayen ɓangaren bayi, don a wasu wuraren lokacinsa daban ne. Gidan cikin gari awa ɗaya da rabi ya isa; gandu kuwa ware masa awa uku. Daga Yuni zuwa Agusta zafi da gumi suna da tsanani, ga sauro, saboda haka ɗauki zagayen safe, da gorar ruwa da takalmi rufaffe.

Tambaya ta farko ga ɗan jagora ita ce: wannan ɗakin na asali ne, ko ɗauko shi aka yi daga wani wuri, ko sake gina shi aka yi? Amsar tana da nauyi. Yawancin bayi a bukkokin katako suka zauna, waɗanda ruwa da gara suka cinye tuntuni. Waɗanda suka tsira galibi su ne mafi kyawun cikinsu. Wanda ya ga jerin ɗakunan tubali tara na Boone Hall a Karolina ta Kudu ya ɗauka haka kowane bawa ya zauna, ya yaudari kansa. A Monticello, gidan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da ke Bajiniya, bukkokin layin Mulberry Row sake gina su aka yi bisa abin da masu tonon tarihi da takardu suka nuna. Irin wannan bukka ba ta wuce ƙafa 12 da 14 ba, kuma iyali guda ne a ciki.

In ka shiga, tsaya ka bar idonka ya saba da duhu. Ƙirga tagogi, ka lura ina suke kallo. A gidajen cikin gari sau da yawa suna fuskantar tsakar gida ne, inda idon ubangida yake, ba titi ba. Dubi ƙasa: a wasu bukkokin akwai ɗan rami da ake rufewa da katako, inda ake ajiye dankali da 'yan kayan da mutum ya mallaka. Dubi tubalin bango a karkace, ta yadda haske zai kwanta a kansa. A kan wasu za ka ga shatin yatsun wanda ya juya shi tun yana ɗanye, wani lokaci ƙananan yatsu, na yaro. Ɗaga kai kuma. A rufin ɗakin bayi na Owens-Thomas akwai ragowar shuɗin fenti, irin wanda aka yi imani yana korar iskoki.

Kada ka taɓa bango. Farar ƙasar da aka shafa ta tsufa, maiƙon hannu da gishirin gumi suna sa ta ɓarewa. Jakar goyo ka riƙe ta a gaba ko ka bar ta a mota, don ita ce ke gogar ƙofa idan ka juya. Kashe walƙiyar kyamara, kuma ɗakin bayi ba wurin ɗaukar hoton dariya ba ne. Cikin rukuninka ana iya samun jikokin waɗanda suka kwana a nan.

Sannan ka shiga babban gida da tambaya guda a ranka: wa ya yi wannan aikin? Nemi ƙunƙuntar matakalar baya, da wayar ƙararrawar kiran barori, da nisan da ke tsakanin madafi da teburin cin abinci. Ƙirga murhunan ɗakuna, ka tuna kowane sai an faso masa itace an kwashe masa toka.

Idan ɗan jagora ya ce «ma'aikata» ko «barori», tambaye shi cikin ladabi ko bayi yake nufi, kuma mene ne sunayensu. Sunayen suna nan a takardun rabon gado, jere da dabbobi da kayan ɗaki, sau da yawa da farashi a gefe. Jefferson ya mallaki mutum sama da 600 a rayuwarsa. A Mount Vernon, gandun George Washington, shugaban Amurka na farko, akwai bayi 317 a 1799, shekarar da ya rasu. Kafin ka fita, tambayi inda maƙabartar bayi take. Yawanci tana can gefen daji, ba duwatsun suna, kuma ba kowane zagaye ne ke bi ta wurin ba sai ka nema.