Babi na Bakwai: Rubuta Burinka, Ka Sa Masa Rana

Wannan darasi na masu aiki ne: masu dafa abincin alhazai a Makka, masu ɗinki a Jidda, masu gyaran ɗakunan otal a Madina, direbobi, 'yan dako, da kuma waɗanda aka ɗora wa nauyin kula da aikin wasu. A karanta shi a hankali. Wanda ya fi iya karatu ya ɗaga murya, sauran su bi da yatsa. Kowa ya fito da littafin rubutunsa da biro, domin yau akwai rubutu, akwai lissafi.

Ina ka dosa?

Tambayi ma'aikaci abin da ke tashinsa tun kafin kiran assalatu, zai ce maka rufin asiri yake nema. Gaskiya ya faɗa. Sai dai rufin asiri ba shi da ranar da mutum zai ce ga shi na iso. Shi ya sa wani zai ga Hajji goma a bakin aiki, kullum cikin gajiya, in aka ce masa me ya ƙaru sai ya sunkuyar da kai. Abin yana da ciwo, domin mutanenmu ba ragwaye ba ne. Kakannin wasunmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, suka ratsa Cadi da Sudan, suna noma suna ƙwadago a hanya shekara da shekaru, kafin su tsallako Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Sun san inda suka dosa, kuma duk inda suka yada zango sun san zango na gaba da guzurin da zai kai su.

Buri mai amfani yana amsa tambaya uku: mene ne, nawa ne, zuwa yaushe? Ku kwafi waɗannan jimloli biyu:

*Ina so in tara kuɗi.*

*Zan ajiye riyal 200 kowane wata har wata 12, in sayi keken ɗinki, in Allah ya so.*

Jimla ta farko kowa yana faɗinta, babu kuma wanda zai iya cewa an cika ta ko an saɓa. Ta biyu tana da lissafi: 200 sau 12 ya zama riyal 2,400. A ƙarshen wata na uku, in abin da ke hannunka bai kai 600 ba, ka san akwai inda kuɗin ke zurarewa, sai ka bi sawu tun da wuri.

A kula da kalanda. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa azumi da Hajji ke matsowa gaba kowace shekara. Albashin wurare da yawa da watan Miladiyya yake tafiya. Zaɓi kalanda ɗaya ka rubuta burinka da ita, kada ka gauraya.

Kada ka ɗauko buri biyar a lokaci guda. Ɗaya na kuɗi, ɗaya na koyo, sun isa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Burin koyo

Na kuɗi kowa ya san daɗinsa. Na koyo shi ake wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ke ɗaga mutum daga wankin tukunya zuwa riƙe littafin sito.

Ga misali daga kicin. Takardar oda tana zuwa da lambobin Larabci. Biyar ɗinsu zagaye ce (٥), mai kama da sifilin boko. Sifilinsu ɗigo ne kawai (٠). Shidansu kuwa (٦) in ba ka lura ba sai ka ce bakwai ce. To, an rubuto cewa bene na uku suna son abinci ٦٠. Yaron da bai saba ba zai zuba robobi 70, alhali 60 aka nema. Goma sun tafi a banza, wani benen kuma an bar alhazai goma suna jira da yunwa bayan sun dawo daga Harami. Daga nan faɗa ya tashi, a zagi yaro, yaro ya yi fushi, gobe a maimaita.

Maganin wannan bai fi mako biyu ba. Rubuta lambobin nan goma a kwali, na Larabci a sama na boko a ƙasa, ka liƙa inda kake gani kullum. Karanta lambar mota a hanya, karanta farashi a baƙala, wato shagon kayan masarufi, karanta lambar ƙofofin Harami. Sai ka rubuta a littafinka: *Kafin ƙarshen watan nan zan karanta takardar oda ni kaɗai.* In ka cika wannan, buri na gaba ya zama karanta takardar albashinka, sannan kwantiragin aikinka. Yanzu kwantiragi ta manhajar gwamnati mai suna Qiwa yake zuwa a waya, ma'aikaci ne ke danna amincewa da yatsansa. Wanda bai iya karantawa ba tukuna ya nemi amintacce ya karanta masa layi-layi kafin ya danna. Amma ya sa a ransa cewa na gaba da kansa zai karanta.

Lokacin koyo shi ne bayan alhazai sun watse, sa'ad da aiki ya ɗan lafa. Wanda ya bari sai Ramadan ko goman farko na Zulhajji ba zai sami ko sukunin buɗe littafi ba.

Karatu: Hira bayan la'asar

Mutum biyu su karanta wannan. Ɗaya ya zama dattijon da ke shugabantar kicin, ɗaya ya zama matashi mai wanke-wanke.

"Ɗana, zo zauna. Ka sha ruwa?"

"Na sha, Baba. Wani laifi na yi?"

"Babu laifi. Tambaya ce. Baɗi war haka, wane aiki kake so ka riƙa yi a nan?"

"Duk wanda aka ba ni, Baba."

"Wannan amsar ladabi ce. Ni ta zuciya nake so."

"To, Baba, ina sha'awar dafa shinkafa a babbar tukunya. Amma ban san awo ba."

"Madalla. Daga jibi, in ka gama wankin safe, ka tsaya kusa da yayanka mai shinkafa na rabin awa. Makon farko kallo kawai. Mako na biyu kai za ka auna ruwa da gishiri. In wata ya cika, ranar da oda ba ta da yawa, tukunya ɗaya taka ce."

"In ta caɓe fa, Baba?"

"Ni na sa ka. Mu ci abinmu mu ma'aikata, ka sake wata. Ɗauko littafinka ka rubuta ranar."

A tattauna: me ya sa matashin ya zaci laifi ya yi da aka kira shi? A wurin aikinku, yaushe shugaba ke kiran mutum?

Ga wanda aka ɗora a kan mutane

Shugabanni da yawa suna kukan cewa yaransu ba su da himma. Kafin ka yi wannan kuka, ka duba ko ka san abin da kowannensu yake nema a rayuwa. Wani aure yake tarin kuɗinsa, wani ginin da ya bari a Kano ko Damagaram ne ke hana shi barci, wata kuɗin makarantar 'ya'yanta take haɗawa. Mutumin da ya ga aikin yau yana matsar da shi kusa da abin da yake so ba ya bukatar tsawa. Tsawa tana sa a yi sauri muddin kana tsaye, da ka juya baya hannu ya yi sanyi.

Himma kuma ba ta zama inda ake tauye haƙƙi, duk daɗin bakin shugaba. A hadisi an ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta sa aiki awa 8 a rana ko awa 48 a mako, a Ramadan kuma awa 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Ba a sa mutum aiki fiye da awa 5 a jere ba tare da hutun aƙalla rabin awa ba, don salla da cin abinci. Lokacin Hajji aiki kan zarce haka, kowa ya sani, amma awannin da aka ƙara ba sadaka ba ne: ana biyan ladan awar, a ɗora rabin ladan awa na ainihin albashi. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 ga wanda ya cika shekara biyar a jere wurin mai aiki ɗaya. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma. Zafin ƙasar nan ba abin wasa ba ne. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, zafi ya haura digiri 50 a Makka. Ƙaramin shugaba ba shi ke biyan albashi ba, amma yana iya rubuta awannin yaransa daidai, ya kai maganarsu gaba, ya tabbata akwai ruwan sanyi kusa da masu tsayuwa gaban wuta.

Sai yabo da gyara. Yabo a yi shi a gaban mutane, kuma a faɗi abin da aka yaba. "Sannu da ƙoƙari" tana da daɗi, amma "na ga yau ka ƙirga robobin bene na uku sau biyu kafin a loda mota" ta fi ta aiki, domin mai ita ya san abin da zai maimaita gobe, na kusa da shi ma sun ji. Gyara kuwa a keɓe ake yinsa, a kan aikin, ba tare da ambaton iyaye ko garin mutum ko launinsa ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma a Madina, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Ga mu muna aiki a garuruwan da aka yi wannan, bai dace a ji mu muna kunyata magidanci a gaban sa'o'in 'ya'yansa saboda robar abinci ba.

In ka ba da aiki, faɗi adadi da lokaci: buhu nawa, zuwa ƙarfe nawa, wa zai karɓa. Sannan ka ce wa wanda ka ba ya maimaita maka da bakinsa. A wurin da ake aiki da Hausa da Larabci da Urdu da Bangali a ɗaki ɗaya, gyaɗa kai ba shaida ba ce cewa an gane.

Tsakanin abokan aiki

Nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi ka nuna masa abin da ka rubuta. Kowace Juma'a bayan an sauko ku duba littafin juna na minti biyar. In kuna adashi, a rubuta sunan kowa da zubinsa da ranar ɗaukarsa, kowa ya sa hannu, kuma kowa ya faɗi abin da zai yi da kuɗin tun kafin kwasarsa ta zo. Wanda ya iya wani abu ya koya wa na kusa da shi. Masu ɓoye awo da sirrin aiki don kada a ƙwace musu wuri su ne ke tsufa a wuri ɗaya, domin ba a ɗaga mutum sama in babu wanda zai riƙe inda ya bari.

Lissafin sallama

Duk mai shirin komawa gida ko canza aiki ya san wannan lissafi kafin ya sa rana. Dokar ƙwadago ta ce in aiki ya ƙare, ma'aikaci yana da ladan sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara daga shekaru biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan su, bisa albashinsa na ƙarshe. In shi ya ajiye aikin da kansa, lissafin ya canza: daga shekara 2 zuwa 5 sulusi yake samu, sama da 5 zuwa ƙasa da 10 sulusi biyu, daga shekara 10 ya karɓi duka. Masu aikin gida da direbobin gida nasu tsarin daban ne, su tambaya ta Musaned, manhajar gwamnati ta masu aikin gida.

A ce albashin mutum riyal 1,600 ne, ya yi shekara 7, kwantiragi ya ƙare. Shekaru biyar na farko: 800 sau 5, ya zama 4,000. Shekaru biyu na sama: 1,600 sau 2, ya zama 3,200. Jimilla 7,200. Da shi ya ajiye aikin, sulusi biyu zai samu, wato 4,800.

Aikin gida

1. Rubuta burinka na kuɗi a jimla ɗaya, da adadi da rana. A ƙarƙashinsa ka ja layi 12, kowane wata da layinsa.

2. Rubuta abu ɗaya da kake so ka iya a wurin aiki kafin Ramadan mai zuwa, da wanda zai koya maka. Ka je ka roƙe shi cikin makon nan.

3. Mayar da waɗannan zuwa lambobin boko: ٥٦ ، ٦٠٥ ، ١٥٠٠

4. Wata ma'aikaciyar otal tana karɓar riyal 1,800, ta yi shekara 9 da wata 6, tana tunanin ajiye aiki. Me zai canza a ladan sallamarta in ta ƙara wata 6? Lissafa abin da za ta karɓa in ta cika shekara 10.

5. In kai shugaba ne, zauna da mutum biyu daga cikin yaranka, ɗaya bayan ɗaya, ka yi musu tambayar da dattijon kicin ya yi. Rubuta amsarsu ba tare da suna ba, ka zo da ita aji ranar darasi na gaba.