Kafin a jinginar da gida, a fara duba rufinsa

Jama'a, ga shawara ga mai niyyar jinginar da gidansa a banki domin samun jari. Banki yakan turo ƙwararre ya ƙiyasta darajar gidan, kuma bangon da ya tsage ko silin da ya yi tabon yoyo kan rage kuɗin da za a bayar. Watan Afrilu, kafin saukar damina, shi ne lokacin da ya dace a sauya ƙusoshin rufi da suka yi tsatsa, a liƙe hujojin kwano, a yashe magudanar ruwa, a kuma gyara indararo don kada ruwan Agusta ya riƙa cin gindin katanga.

A Najeriya, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a jinginar da gida mai takardar shaidar mallaka ta jiha, kuma hakan yana cin lokaci da kuɗi. A ganina, bai kamata a taɓa gidan da iyali ke ciki saboda biki ko mota ba, sai dai don sana'ar da ribarta za ta iya biyan bashin duk wata. Idan gidan gado ne, a fara samun yardar dukkan magada a rubuce.